Lambar Gidan Kaka

A barandar gidan Kaka akwai baƙin allo manne a bango, irin na aji, kuma ba a rubuta komai a kansa sai lamba ɗaya tak. Doguwa ce, ta taso daga wannan gefe har ta kusa faɗowa ta wancan. Baƙo in ya zo yakan ɗauka lambar wayar wata ƙasa ce. 'Yan gida kuwa sun san su ne a ciki.

Kaka tsohon malamin lissafi ne, irin waɗanda ko ritaya ba ta warkar da su. Tun yana sabon aure ya ɓullo da wani tsari a gidansa. Duk wanda aka haifa sai ya ba shi lamba tasa ta kansa, kuma ba kowace lamba ba, sai cikin waɗanda ba sa rabuwa da komai in ba da ɗaya ba ko da kansu. Shi yana ce musu masu taurin kai, wai sun dace da zuriyarsa. Ya ɗauki biyu, ya ba matarsa uku. 'Ya'yansa huɗu suka samu biyar, bakwai, sha ɗaya da sha uku, jikoki suka ɗora daga sha bakwai, ana bin su a jere. Lambar kan allo kuwa ita ce abin da ke fitowa in an ninka ta kowa da ta kowa. Saboda haka duk ɗan gidan da ya raba ta da tasa, za ta rabu cif.

In ka zauna da tsohon, sai ya karanta maka lambar kamar mai nuna hoton iyali. Sifirin da ke ƙarshe, in ji shi, nasa ne shi da babban ɗansa, don biyu sau biyar goma ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, amma in jikoki suka tambaye shi ina take, sai ya sa su haɗa alƙaluman lambar ɗaya bayan ɗaya, su ga jimlar tana rabuwa da uku. Sai ya ce, "To ga kakarku nan, ba inda ta je." A tsarin Kaka ana shiga lamba, ba a fita.

Ranar da yaro ya iya dogon rabawa, babbar rana ce a gidan. Za a ba shi alli ya hau kan benci ya raba lambar da tasa, kowa ya tsaya a kansa, har ya kai ƙasa. Da zarar sifiri ya fito, sai gida ya ɗauka gaba ɗaya: "Ba saura!" Maƙwabta sun saba, in sun ji ihun sai su ce wani jikan Malam ya kai.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa yi wa wannan ihu ba, ita ce Baƙuwa.

Agola ce. Tana 'yar ƙarama mahaifinta ya rasu, babban ɗan Kaka ya auri mahaifiyarta, ta biyo ta gidan riƙe da gefen zani. Shi ta tashi tana kira Baba, shi ma bai taɓa bambanta ta da waɗanda ya haifa ba. Amma ƙanwarsa, Gwaggo, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau in ta ga dama, ita ta fara ce mata Baƙuwa, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Gwaggon ce kuma ta faɗa a tsakar gida tun makon farko, da muryar da ba ta san raɗa ba, cewa lamba ta jini ce, ko matan 'ya'yan gida ba a ba su ba balle 'yar rakiya. Yarinyar ta ji, ta kuma riƙe. Tun daga nan duk ranar da aka hau benci, sai ta sami kofunan wankewa a bayan gida. Ba ta kuma taɓa yi wa Kaka irin tsiyar da jikoki ke yi masa ba, su ja gemunsa, su ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ita gaisuwa take yi ta durƙusa, ta tashi.

Abin dariya, duk cikin yaran gidan ita kaɗai lissafi ya shiga kanta. Sauran sun iya raba lamba da tasu ne kawai, daga nan sai su ajiye alli. Har ma suna da abin tsokanar tsohon da shi, don lokacin da aka haifi ƙanen Baƙuwa, maimakon Kaka ya ba shi ashirin da uku, wadda ita ce ke bin sha tara, sai ya ba shi ashirin da tara. Aka yi ta dariya, malamin lissafi guda ya yi tsallake. Duk sanda aka tayar da zancen, abin da yake cewa bai wuce, "Ku duba" ba. Su kuma su ce girman kai ne ya hana shi amsa kuskure.

Yanzu Baƙuwa ta girma, tana aikin gwajin jini a wani asibiti, ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Tun da aka miƙo mata jaririyar abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ita ta haƙura da nata, amma ba ta son wata rana 'yarta ta tsaya wanke kofuna a bayan gida ana ihu a baranda. Tana son a ba ta lamba. Sai dai ta yaya za ka roƙar wa 'ya abin da uwa ba ta da shi? Ta shirya maganar a ranta, ta rushe, ta sake shiryawa, har ranar da Kaka ya aiko cewa kowa ya hallara za a sabunta allo, ita ma ta zo da jaririya.

Da hantsi ta iso, ta tarar gida ya kacame. Allon yana nan baƙi ƙirin yana ƙyalli, an shafa masa sabon fenti, kuma babu ko ɗigon alli a kansa. Baffa, autan Kaka, yana tsaye da fenti a gwiwar hannu, Gwaggo ta sa shi gaba.

"Kai wane irin mutum ne? Ka shafe lamba ba ka kwafa ba? Ka shafe mu gaba ɗaya!"

"Yaya, Babanmu ne ya ce in shafa. Na ce bari in rubuta a takarda, ya ce ba sai na rubuta ba."

"Ya ce, ya ce! In ya ce ka faɗa rijiya sai ka tambayi wacce?"

Kaka yana kan kujerarsa ta roba, sandarsa tsakanin ƙafafu, idanunsa da yanar ido ta rufe suna kallon sama. Ko a jikinsa. Baƙuwa ta durƙusa ta gaishe shi, ya shafa kan jaririyar, ya sa mata albarka, bai ce komai game da lamba ba. Ita ma ta haɗiye roƙonta. Ta ga Baffa ya rasa inda zai sa kansa, sai tausayinsa ya kama ta.

Ta ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, ai ba ta ɓata ba. Tunda mutanenta suna nan, sai a sake gina ta. Kowa ya faɗi tasa, ni zan ninka."

Kaka ya ce, "A ba ta alli."

Ta miƙa wa Baba jaririyar, ta tattare mayafi, ta tsuguna a kan simintin baranda. Rabon da ta taɓa allin gidan nan ba ta ma tuna ba, ga shi yau an danƙa mata da rana tsaka. Nan take wasa ya tashi. Kaka ya faɗi biyunsa ya faɗi ukun marigayiya, Baba ya ce biyar, Gwaggo ta ce bakwai kamar mai amsa sunanta a kotu. Wanda ba ya nan, wani ya faɗa masa. Shida, talatin, ɗari biyu da goma, lamba tana ta kumbura. Da aka zo sha bakwai ta rubuta 510510, yara suka yi tsalle, wai ta yi tagwaye. Sha tara, sai ashirin da tara, Baffa ya ce, "An zo wurin tsallaken Babanmu," aka kwashe da dariya. Masu bin ta da waya suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, don wasu wayoyin da lamba ta yi tsawo sai su cusa harafi a ciki su yi shiru. Ita kuwa hannunta gudu yake yi, tana ja da baya a tsugune, lissafi yana bin ta har bakin matakala. Daɗi ya cika ta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Arba'in da uku ce ta ƙarshe, ta ƙaramin jika. Ta ja layi biyu, ta miƙe tana karkaɗe hannu, ta karanta da ƙarfi: 568815710072610.

Aka yi tafi. Baffa ya ce ya tsira. Kaka ya girgiza kai.

"Ba ita ba ce."

Sai ya gyara zama ya karanto tasa daga ka, alƙalami bayan alƙalami, ba gargada: 13082761331670030. Baƙuwa ta rubuta ta a ƙasan tata. Ba sai an yi dogon nazari ba, tata alƙaluma sha biyar ce, ta tsohon sha bakwai.

Baranda ta fashe da hayaniya. Rabin gida suna murna an kama Kaka da kuskure na biyu a rayuwarsa, rabi suna cewa Baƙuwa ce ta zame a wani wuri. Gwaggo ta matso kusa da Baba ta yi abin da take kira raɗa, wanda har mai shago a waje ya ji: "Yaya, anya ba tsufa ba ne? Jiya ma gilashinsa yake nema yana saman kansa." Fuskar Baba ta canza.

Baƙuwa ta koma kan aikinta. A wurin aiki in sakamako ya zo da mamaki, ba a gardama da shi, sake gwaji ake yi. Ta bi layukan daga sama har ƙasa, ba ta ga inda ta kauce ba. Ta gwada ta Kaka da dabarunsa. Sifiri a ƙarshe, yana nan. Ta haɗa alƙaluman, hamsin da ɗaya, uku ta shiga. Ta raba da bakwai, ta rabu. Mutumin da kansa ya ruɗe ba ya ƙirƙiro lamba mai alƙaluma sha bakwai ta rabu haka.

Baffa ne ya kawo hujja. Ya tono hoton bara a wayarsa, wanda aka ɗauka gaban allon, ya buɗa shi da yatsu biyu har lambar ta fito saman kawunan mutane. Ya karanta, ana bin ta ƙasa da ido. Ta Kaka ce, ko ɗigo bai canza ba.

"To fa!" in ji Gwaggo. "Kenan yarinya ce ta yi kuskure."

"Ban yi kuskure ba, Gwaggo." Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito. "Shi ma bai yi ba. Tasa ta fi tawa girma ne don akwai abin da ke cikinta wanda ba mu faɗa ba. Akwai wani a ciki."

Ai kuwa sai gida ya ɗauki zafi. Wani a ciki? Wa? Matasan jikoki suka hau shewa, wai Kaka yana da ɗan ɓoye. Baffa ya riƙe ciki yana cewa ashe ba shi ne auta ba. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati, tana kallon mahaifinta kamar yau ta fara ganinsa. Tsohon kuwa murmushi yake yi, yana buga sanda a ƙasa a hankali.

Baƙuwa ba ta jin su. Ta san lamba irin wannan hanya ɗaya tak take warwarewa, ba ta da ta biyu. In ka zare duk masu taurin kan da ka sani, abin da ya rage dole shi ne wanda ba ka sani ba, kuma ba mai iya sauya shi. Abin da ya rage mata kawai ta raba ta Kaka da tata. Ta dubi kawunan lambobin biyu, ta ƙiyasta a ka. Ya fi ashirin, bai kai ashirin da biyar ba. A tsakanin nan kuwa mai taurin kai ɗaya ce.

Allin ya tsaya a hannunta. Gaskiya ita ce, ba yau ta fara tunanin ba. Tana 'yar makaranta ta sha kwanciya tana lissafa cewa tsallaken nan ya faɗo daidai shekarar da ta zo gidan. Sau da yawa ta tsaya gaban allon ba kowa, ta ce bari ta gwada, sai tsoro ya kama ta. In ta raba ta ga saura fa? Gara zato da a tabbatar mata. Sai ta juya ta tafi.

Yau babu wurin juyawa, mutane sun kewaye ta. Ta ninka tata da ashirin da uku. Alƙaluma suka riƙa fitowa daga dama zuwa hagu, kowanne yana zama daidai ƙarƙashin ɗan'uwansa na Kaka, har na ƙarshe.

Ta ce, "Ashirin da uku." Da ƙyar aka ji.

Baffa ya daka tsalle. "Bai tsallake ba! Wallahi bai tsallake ba! Tana ciki tun tuni!"

Gwaggo ta ce, "To ta wa ce? Baba, ta wa ce?"

Kaka ya ce, "Ke da kika fi kowa riƙe tarihin gidan nan, wa ya shigo bayan mai sha tara, kafin mai ashirin da tara?"

Idanu suka juyo kan Baƙuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sunkuyar da kai kan jaririyar da ke hannunsa, kafaɗunsa suna motsi.

Tsohon ya ce, "Ranar da ta kwana gidan nan na ninka. Da na faɗa da baki, da an yi ta musu har yau, kun san halinku. Sai na sa ta inda ba a musu. Na ce muku ku duba, kowa ya duba kansa ya tafi. Na jira, na jira, ido ya tafi, na ga in ban sa an shafe allon nan ba, sai in mutu ba wanda ya duba."

Baffa ya ce, "Au! Ashe da gangan aka sa aka zage ni tun safe!"

Dabara ce mai kyau, ba musu. Amma tsakani da Allah tsohon bai kyauta ba, don ba a ba ƙaramar yarinya aikin gida mai tsawon rabin rayuwa. Baƙuwa ma haka ta gani. Murna da haushi suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara da shi, hawaye suna zuba kan allin da ke hannunta. Ta tako har gaban kujerarsa, kuma ba ta durƙusa ba.

"Kai dai wallahi mugun tsoho ne! Kalma ɗaya ta gagare ka? Ka san kofuna nawa na wanke a bayan gidan nan?"

Aka yi carko-carko, don ba a taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Kaka ya tuntsire da dariya har da tari, ya laluba ya kamo hannunta ya ɗora a gemunsa.

"Ja, ki rama. Sauran duk sun ja, naki kaɗai ya rage." Ta ja kuwa, ba da wasa ba. Ya ce, "Wayyo! To ya isa. A kawo benci."

"Kaka, ni da na haifi 'ya zan hau benci?"

"Kowa ya hau. Ba a shiga ta taga."

Aka jawo bencin nan da ya sha ƙafafun jikoki. Ta hau, ta rubuta doguwar lambar a kan sabon allo, ta ja mata gida, ta sa ashirin da uku a waje. Ashirin da uku cikin ɗari da talatin, biyar, saura sha biyar. Ta sauko da takwas. Yara suka matso suna bin ta da baki, manya suna leƙe ta saman kawunansu. Ta san amsar, ta riga ta gani a ƙasa, amma zuciyarta bugawa take yi kamar ta 'yar shekara tara. Lissafi ya gangaro, ya gangaro, ta durƙusa a kan bencin don ta kai ƙasan allo. Ashirin da uku cikin ashirin da uku, ɗaya. Ta cire, ta zana sifiri, ta sauko da sifirin ƙarshe.

Muryar da ta riga ta kowa fita, har ta tsorata jaririya, ta Gwaggo ce.

"Ba saura!"

Gida ya ɗauka, har mai shago ya leƙo ta ƙofa yana tambaya wane jikan ne kuma ya kai. Gwaggo ta karɓe jaririyar daga hannun Baba tana jijjiga ta, tana share ido da bakin mayafi, tana faɗan wai hayaƙin fenti ne.

Baƙuwa ta juyo daga kan benci. Maganar da ta yi ta shiryawa ta zo mata baki, ta ce, "Kaka, dama ina so in roƙa..."

Ya katse ta. "Wace ce ke bin arba'in da uku?"

"Arba'in da bakwai."

"To me kike jira? Goge ki ninka. Kuma ki ƙanƙanta rubutu, 'yar nan, ki bar wa 'ya'yanta wuri."